Daidaita Sahun Haruffa

Yau in aka ce muƙabala, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne malamai biyu, kowa da lasifikarsa da magoya bayansa, ana ta kai ruwa rana a kan mas'ala guda. Muƙabalar da na fara sani ina yaro a Giade ba ta da wannan hayaniya. Kakana ne a zaure bayan la'asar, ya kwance gafaka, ya baza kwafi uku na wani littafin fiƙihu rubutun hannu, ɗaya nasa, biyu na aro. Babban almajirinsa yana karanta ɗaya a hankali, shi kuma yana bin sauran biyun da yatsa. In aka zo inda suka saɓa sai ya ce a dakata, ya duba nan, ya duba can, ya tsoma alƙalami a tawada ya sa gyara a gefen takarda.

Wata rana ya daɗe bai ce a ci gaba ba. Can ya ɗago kai ya ce, "Waɗannan biyun uwarsu ɗaya."

Almajirin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ɗaya daga Misau aka aro shi, ɗaya daga Azare."

Ya ce, "Matso ka gani."

Duka biyun sun tsallake layi guda a wuri guda. Kalma ɗaya ce ta zo a ƙarshen layuka biyu a jere, idon wani marubuci ya yi tsalle daga ta sama zuwa ta ƙasa, abin da ke tsakani ya salwanta. Da wuya mutum biyu su yi tuntuɓe iri ɗaya a kan dutse ɗaya. Ke nan ko dai ɗaya daga ɗan'uwansa aka kwafo shi, ko kuwa dukansu daga wani tsohon kwafi suka fito wanda ya riga ya yi ɓatan. Masu littattafan ba su taɓa ganin juna ba, amma kuskure ya tona asirin zumuncin da ke tsakanin takardunsu.

Wannan zama ya dawo mini a watan Agustan 2016. A lokacin Najeriya ta yi shekara biyu cur ba a ga yaron da asalin ƙwayar shan-inna, wadda masana ke kira ta daji, ta kama ba. Na ƙarshe a Sumaila ta jihar Kano aka same shi, a watan Yulin 2014, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan ƙasar daga jerin inda cutar ta yi kaka-gida a Satumban 2015. Kwatsam ranar 11 ga Agusta aka ba da sanarwar yara biyu a jihar Borno, ɗaya a Gwoza, ɗaya a Jere. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar da ta biyo baya. Masana suka ce wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce, daga zuriyar wadda aka gani a Borno a 2011 ta fito, ta yi wajen shekara biyar tana bi daga yaro zuwa yaro a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga. To, ƙwayar cuta ba ta da katin shaida, ba ta da aska a kumatu balle a ce ga garinsu. Da me aka gane danginta, har da shekarunta?

Da muƙabala aka gane.

Kowane mai rai yana ɗauke da rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ake kira DNA, haruffansa huɗu ne kacal: A, C, G da T. Na ƙwayar shan-inna ɗan'uwan wannan ne da ake kira RNA, tsawonsa harafi 7,500 ko ƙasa kaɗan. Masu bin sawun cutar sukan karanta wani yanki ne nasa mai suna VP1, mai harafi kusan 900. Duk sanda ƙwayar ta hayayyafa a hanjin yaro sai ta kwafi littafinta, ita kuwa marubuciya ce mai garaje, ba ta komawa ta duba abin da ta rubuta. An auna an ga a wannan yanki tana sauya kusan harafi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, wato kamar harafi tara. Waɗannan kurakurai 'ya'yanta suke gada, su ƙara nasu a kai. Wanda ya iya jera kwafi ɗari ɗaya bisa ɗaya, harafi a kan takwaransa, zai karanta salsalar cutar kamar yadda maroƙin fada ke jero sarakunan Katagum.

Jerawar ita ce sana'ar. Ni dai daidaita sahu nake ce mata, domin ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa ba. Bambancin kawai, a masallaci liman cewa yake a toshe giɓi, a nan kuwa gwaninta duk tana wajen sanin inda za a bar shi.

Ɗauki kalmar KATAGUM. Wani ya kwafa, ya manta harafi ɗaya, ya rubuta KATGUM. In ka ɗora su kai da kai, haruffa uku na farko za su dace, daga nan komai ya wargaje: A ta faɗa kan G, G ta faɗa kan U, U ta faɗa kan M. Mai gaggawa zai ce rabin kalmar ya bambanta. Amma buɗe gurbi ɗaya bayan T ka gani:

K A T A G U M
K A T – G U M

Haruffa shida sun zauna daram, kuskure ɗaya ne tak. Ido ya yi wannan cikin ƙiftawa domin kalmar gajera ce kuma mun san ta. Yanzu a ce harafi dubu ne, babu wasali, babu ma'anar da za ta yi maka jagora, sai A, C, G, T suna ta maimaituwa. Hanyoyin da za a iya cusa giɓi a ciki sun fi a ƙirga, ko da kwamfuta ce mai ƙirgawar.

A 1970 wasu masana biyu a Amurka, Saul Needleman da Christian Wunsch, suka fitar da dabarar da har gobe ita ce tushe. A zana allo mai gidaje kamar na dara. A rubuta rubutu ɗaya a sama, ɗayan a gefe. A yanka farashi: haruffa in sun dace a ba da lada, in sun saɓa a ci tara, in an buɗe giɓi a ci wata tarar. Sai a fara cike gidaje daga kusurwar sama. Kowane gida tambaya ɗaya yake amsawa, wato mene ne maki mafi kyau da za a iya isowa nan da shi, kuma maƙwabta uku kawai yake dubawa, na samansa, na gefensa, da na kusurwarsa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya riga ya san hanya mafi araha zuwa kowace mararraba, ba ya sake lissafin tafiyar daga ƙofar gida, daga mararrabar baya yake ɗorawa. In an kai gidan ƙarshe sai a bi sawu a koma baya, hanyar da aka bi ita ce jerin da ya fi kowane. Abin da ke burge ni a nan shi ne ba a gwada dukkan hanyoyi ba, amma akwai tabbacin lissafi cewa babu wadda ta fi wannan.

Yankan farashin nan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan ne ilmin halitta ke shiga cikin lissafi. Sinadaran furotin haruffansu ashirin ne, wasu kuma sukan maye gurbin juna ba tare da an yi ɓarna ba, kamar yadda mai girki kan sa man gyaɗa in babu man shanu. Margaret Dayhoff, wadda tun 1965 ta fara tattara jerin haruffan furotin a littafi, ita ta zauna ta ƙirga wane harafi ne ya saba komawa wane, ta fitar da jadawalin farashi a 1978. Steven da Jorja Henikoff suka kawo nasu mai suna BLOSUM a 1992. Sai batun tarar giɓi. In marubuci ya tsallake layi mai harafi arba'in, kuskure arba'in ya yi ko ɗaya? Kakana zai ce ɗaya, ido ne ya yi tsalle sau ɗaya. Haka halitta take, yanki kan ɓalle gaba ɗaya a lokaci guda. Don haka aka sa buɗe giɓi ya yi tsada, tsawaita shi kuma ya yi araha, wani masani ɗan Japan, Osamu Gotoh, ya nuna a 1982 yadda za a lissafa hakan ba tare da aikin ya yi nauyi ba.

Duk wannan kwafi biyu ne. Me ya sa ba za a tsaya nan ba? Saboda biyu sukan bar ka cikin shakka. Ga MAKARANTA, ga MARANTA. Haruffa biyu sun ɓace, amma waɗanne? In ka cire KA za ka sami MARANTA, in ka cire AK ma ita za ka samu. Ba yadda za a yi a raba gardama. Sai ga kwafi na uku ya zo da nasa kuskuren, MAKERANTA:

M A K A R A N T A
M A K E R A N T A
M A – – R A N T A

Yanzu giɓin ya sami mazauni, domin in ka matsar da shi baya, A za ta faɗa kan E. Shaida na uku, duk da shi ma ba tsarkakakke ba ne, ya warware abin da biyu suka kasa. Abin da ya sa kakana bai gamsu da aron littafi ɗaya ba ke nan.

Sai dai kowane shaida da aka ƙara, kuɗinsa ninki ne. Allon kwafi biyu masu harafi 900 gidajensa 810,000 ne, abin da wayar hannu za ta gama kafin ka ajiye kofin shayi. Kwafi uku, allon ya zama akwati mai gida miliyan 729. Huɗu, biliyan 656. Goma kuwa adadi ne mai lamba talatin a jere, wanda ba kwamfutar da za ta cike shi ko za a bar ta har jikokin jikoki. A 1994 Lusheng Wang da Tao Jiang suka tabbatar da cewa matsalar tana cikin jinsin waɗanda masana lissafi ba su san wata gajeriyar hanya ta warware su daidai wa daida ba. Ga shi kuwa masu bin sawun annoba ba kwafi goma ke gabansu ba, dubbai ne.

Mafitar da aka samu ta masu hankali ce, irin ta dattijon da aka ba rabon gado mai sarƙaƙiya. Ba ya tara dangi duka a ɗaki ɗaya. Yakan fara da shaƙiƙai. Da farko a gwada kowane kwafi da kowane, bibbiyu, a ga wa ya fi kama da wa, a zana ƙwarya-ƙwaryar bishiyar dangantaka. Sai a jera biyun da suka fi kusa, a ɗaure su su zama kamar abu ɗaya. A kawo na kusa da su a jera da wannan ɗaurin, a sake ɗaurewa. Haka za a yi ta hawa reshe-reshe, 'yan ɗaki, 'yan uba, 'yan maza zar, har a kai ga bare na nesa. Paulien Hogeweg da Ben Hesper sun kawo wannan tunani a 1984, Da-Fei Feng da Russell Doolittle suka inganta shi a 1987. Shekara guda bayan haka Des Higgins da Paul Sharp, a birnin Dublin na ƙasar Ailan, suka mai da shi manhaja mai suna Clustal, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar tebur ta wancan zamani. Sabon zubinta na 1994, ClustalW, ya karɓu har mujallar Nature da ta lissafa takardun bincike ɗari da aka fi ambata a tarihin kimiyya, a 2014, takardar da ta gabatar da shi ta zo ta goma.

Hanyar tana da lahani guda, kuma masu ita ba su ɓoye shi ba. Giɓin da aka buɗe tun a ɗaurin farko ba a sake taɓa shi, ko da shaidun baya sun nuna ba nan ne wurinsa ba. Tubalin farko in ya karkace, haka katangar za ta tashi. Manhajojin da suka biyo baya kowace da maganinta. T-Coffee ta 2000 takan saurari ra'ayin dukkan kwafin kafin ta ɗaure biyun farko. MUSCLE, wadda Robert Edgar ya fitar a 2004, in ta gama sai ta tsaga bishiyar gida biyu, ta sake jera ɓangarorin, in maki ya ƙaru ta riƙe, in bai ƙaru ba ta koma wa na da, ta sake tsagawa a wani reshe. MAFFT, ta Kazutaka Katoh da abokan aikinsa a Kyoto, 2002, ta aro lissafin da injiniyoyi ke tace sauti da shi don ta hango yankunan da suka yi kama tun daga nesa. Dukansu kyauta ne a intanet, haka ma rumbun GenBank da ake ajiye jerin haruffan tun 1982. Ɗalibi a Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, in yana da kwamfutar cinya da ɗan data, kayan aikin da ke hannunsa su ne na hannun farfesa a Ingila.

Amma manhaja ba ta san kunya ba. Ka ba ta shirme, za ta jera maka shi tsaf da launuka masu kyau. Shi ya sa gwanin wannan aiki ba ya karɓar sakamako sai ya bi shi da ido. Ya san, alal misali, cewa a yankin da ke haifar da furotin uku-uku ake karanta haruffa. In harafi ɗaya ya faɗi, duk karatun da ke bayansa ya lalace, ƙwayar ba za ta rayu ba. Don haka in ya ga giɓin harafi ɗaya a tsakiyar VP1, ba ya murnar ya gano sabon abu, injin karatu yake tuhuma. In kuwa giɓin uku ne ko shida, sai ya gyara zama. A ƙarshen 2020 an ga irin wannan a ƙwayar korona, mai harafi kusan 30,000. Haruffa shida suka ɓace a ƙayar da take maƙale wa mutum da ita, a gurbi na 69 da na 70 na furotin ɗin, kowane gurbi harafi uku. Nau'in Alfa da ya ɓulla a Ingila yana da wannan giɓi, haka ma nau'in Eta da aka fara gani a Najeriya da Ingila a watan Disamban shekarar. Wani gwajin asibiti da ke neman daidai wannan wuri sai ya riƙa dawowa wayam, likitoci kuma suka mai da wannan rashi alamar gane nau'in.

Jerin da aka daidaita yana faɗin abin da ya wuce dangantaka. In ka duba shi daga sama zuwa ƙasa, za ka ga wasu ginshiƙai harafi ɗaya ne tun daga ƙwayar yis har zuwa ɗan Adam. Wurin nan ba ya karɓar kuskure ke nan, duk wanda ya sauya shi bai bar baya ba. Wasu ginshiƙan kuma bibbiyu suke sauyawa tare, ko da suna nesa da juna a rubuce, alamar cewa in furotin ya naɗe suna taɓa juna. Da irin wannan karatu manhajar AlphaFold ke hasashen siffar furotin, aikin da ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka sami rabon lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024.

Mu dawo gida. In ƙafar yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ta saki farat ɗaya, a Giade ne ko a Isawa ko a wata ruga, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai zo ya ɗauki bayan gidansa sau biyu, da ratar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar ciwon. A sa a akwatin ƙanƙara, a ɗaure a bayan babur, daga nan mota, har ɗakin gwaji. Biyu ne a ƙasar nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a kan shan-inna, ɗaya a Maiduguri, ɗaya a Ibadan. In an sami ƙwayar sai a karanta haruffanta, a shekarun baya har Atalanta ta Amurka ake aikawa, a ƙara layinta a ƙarƙashin dubban layukan da aka tara. Gaskiya shan-inna ba ta cika wahalar da mai jeri ba, giɓi bai yawaita a VP1. Wahalarta tana wajen ƙirga. In sabon layi ya bambanta da mafi kusa da shi da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, kamar harafi 14, sai a kira ƙwayar marainiya. An ga jika, ba a ga uwa ba, ba a ga kaka ba. Ma'anarsa ta yi fiye da shekara tana yawo a wani wuri da idon ma'aikata bai kai ba. Na Gwoza da Jere tazararsu ta wuce haka nesa ba kusa ba, kuma da aka nemi danginsu a cikin jerin, sai a layukan Borno na 2011 aka same su.

Wannan jeri ya taɓa faɗa mana magana mai ɗaci. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon rigakafi a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta sake ɓulla a ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita. A 2005 ta kama yara a yammacin tsibirin Java na Indunusiya, ƙasar da ta yi shekara goma ba ta ga shan-inna ba. Da aka ɗora haruffan na Java a kan sauran, suka zauna a reshe ɗaya da na Sudan da Saudiyya da Yaman, tushen reshen kuma arewacin Najeriya. Ba wanda ya ga matafiyin da ya ɗauke ta, ba a san sunansa ba, wataƙila shi kansa bai taɓa jin ko zazzaɓi ba.

Ya kuma taɓa kwantar mana da hankali. A 2018 zazzaɓin Lassa, wanda mu a jihar Bauchi muka san shi farin sani, ya yi tashin da ba a saba gani ba, aka shiga fargabar ko sabon nau'i ne mai saurin bi daga mutum zuwa mutum. Masu bincike na cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da asibitin ƙwararru na Irrua da abokan aikinsu na waje, suka jera haruffan ƙwayoyin da aka samu a jikin majinyata. Da a ce daga mutum ɗaya take yaɗuwa, da layukan sun yi kama kamar an tsaga kara. Sai aka ga sun warwatsu a rassa daban-daban, tsofaffin rassan da aka riga aka sani, na arewacin kogin Kwara da Binuwai daban, na kudu daban. Yawancin majinyatan kowa daga ɓeran unguwarsu ya ɗauka.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shanye a Najeriya a Monguno yake, ciwonsa ya fara ranar 21 ga Agustan 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Akwatunan ƙanƙara ba su daina tafiya ba, domin akwai wata mai rikiɗa daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi, a wuraren da yara da yawa ba su samu ba, ita ma da jeri ake kama ta: in nau'i na biyu ce, harafi shida suka bambanta da na kwalba, an san ta rikiɗa.

A watan Fabrairun 2022 Malawi ta ba da sanarwar an sami ƙwayar daji a jikin wata yarinya a Lilongwe. Duk wanda ya sha wahalar yaƙin nan a Arewa sai da gabansa ya faɗi, ko ta Borno ce ta sake yin ɓuyan shekara biyar ta ɓullo ta kudu. Aka karanta haruffa ɗari taran, aka sa su a sahu. Ba su zauna kusa da na Monguno ba, ba su zauna kusa da na Gwoza ba. Can suka gangara, suka sami gurbi a cikin layukan lardin Sindh na Pakistan.